Wa'azin da Ke Cikin Mudu

Akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, 'yar ƙanwar matata ce, ta yi wata bakwai tana aiki a wani gidan burodi a nan Jos. Mai gidan burodin dattijo ne a wata ikkilisiya, mutum mai fara'a, wanda in ana gidauniyar gini sunansa ake fara kira. A jikin ledar burodinsa an buga aya. Kowace safiya kafin a kunna tanderu sai ma'aikata sun taru sun yi waƙa ɗaya, an karanta Zabura, an yi addu'a. Yarinyar nan tana barin gida a Tudun Wada tun da asuba, cikin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, ta wuni tana ɗaure leda har yatsunta su yi kanta. A cikin wata bakwai ɗin, kuɗin wata huɗu kawai ta gani.

Da ta gaji sai ta same shi a ofis, ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah maganar kuɗina. Mama ba ta da lafiya." Ya ce, "'Yata, ki ƙara haƙuri. Aikin Ubangiji muke yi a nan. Wanda kike yi wa hidima ba ya cin hakkin kowa." Ta ce, "Na gode, Baba," ta tashi ta fita. Tarbiyyar da aka ba ta ke nan.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar Lahadin da sakataren ikkilisiya ya miƙe bayan baiko ya yi sanarwar taron bita na kwana biyu, wai za a koya mana yadda kasuwanci zai zama aikin bishara, ya kuma fid da mutane daga talauci. Maganar tana tashe yanzu. Tun bayan babban taron da ƙungiyar Lozan, mai haɗa kan masu bishara na duniya, ta yi a Pattaya ta ƙasar Tailan a 2004, inda aka ware rukuni guda don wannan batu, ta bazu cikin ikkilisiyoyin duniya, har ta iso mana ta bakin fastoci matasa da baƙi masu zuwa da majigi. Gundarinta shi ne mai bi ya kafa sana'a ta gaske mai kawo riba, ya ɗauki mutane aiki, ya riƙe ta da tsoron Allah, sana'ar kanta ta zama shaida. Ba sai ya tara kuɗi ya aika wa mai bishara a ƙauye kafin a ce ya yi wa Allah aiki ba.

Na yarda da wannan tun kafin a raɗa masa suna. Na daɗe ina ma'ajin kwamitin taimako a majami'armu, na san nauyin tasar baiko. Abin da ake tarawa ranar Lahadi ba ya isar masu buga ƙofar fasto ranar Litinin. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli. Wannan kafin a cire tallafin man fetur ke nan a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mudu biyu na shinkafa da gwangwanin tumatir da muke raba wa gwauraye a Kirsimeti suna ƙarewa kafin a shiga sabuwar shekara. Albashi kuwa, in ana biyansa, yana dawowa kowane wata, wanda ya karɓa kuma ba ya sunkuyar da kai.

Inda nake da magana shi ne abin da ke mai da kasuwanci aikin bishara. A ganina ayar jikin leda ba ta isa ba, haka addu'ar safe, haka sunan shago da aka ciro daga Zabura. Mudu ne ke yin wannan aiki, shi da albashi. In su biyun sun cika, sauran ado ne mai kyau. In sun tauye, ayar nan da aka buga ita za ta zama hujja a kan mai shagon.

Masu majigi sukan gabatar da abin kamar jiya aka haife shi, alhali ya daɗe a ƙasar nan. Ayarin jiragen ruwa da Ingila ta turo Kogin Kwara a 1841, wanda Samuel Ajayi Crowther, Bayarben da daga baya ya zama bishop, yake ciki, ya zo ne da tunanin haɗa Littafi Mai Tsarki da garma, a kashe cinikin bayi da cinikin amfanin gona. Har gonar gwaji suka buɗe a Lakwaja kafin zazzaɓi ya karya su. 'Yan mishan na Basel sun kafa kamfanin ciniki a 1859, daga tsatsonsa kantunan UTC da iyayenmu suka sani suka fito. A nan gida, ƙungiyar mishan ta SUM, wadda ta fara sauka a Wase a 1904 ta kuma haifi ikkilisiyar COCIN, ta soma shirin Bangaskiya da Noma wajen ƙarshen shekarun 1950, inda Peter Batchelor da abokan aikinsa suka haɗa wa'azi da koyar da noma da kiwo a ƙauyuka. Duk mai kiwon kaji a Jos ya san abincin kaji na ikkilisiyar ECWA daga Bukuru. Ni kaina littafin farko da na saya da kuɗin aljihuna, a kantin littattafan mishan na Challenge na saye shi.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu sanin wannan hanya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma hanyoyin goro da gishiri da kanwa su suka riƙa kai addini garuruwan da mai wa'azi bai taɓa takawa ba. Mutanen gari sun saurari bafatake ne domin sun ba shi ajiya ya dawo da ita, sun ba shi bashi ya biya.

Sai dai tarihin yana da ɗaya fuskar, mu 'yan Filato kuma a kanta muke zaune. Kasuwanci ne ya haƙa kuza a ƙasar nan. Kuza ta kawo jirgin ƙasa da lantarki, ta samar wa dubban mutane aiki, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ta zuba su a ramuka, da yawa ba su koma gida ba. Da riba ta ja baya kamfanoni suka kwashe nasu, aka bar mana kududdufai tun daga Rayfield har Barikin Ladi, gonaki sun zama ramuka, ruwa yana cin yara. Saboda haka in wani ya tsaya gaban majigi ya ce mini samar da aiki shi kaɗai albarka ne, sai in tambaye shi wane irin aiki, a kan nawa, me kuma za a bari a baya.

Maganar albashi Littafi bai yi mata kwana-kwana ba. Littafin Firistoci sura 19 ya hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai gida. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, ransa a kan kuɗin yake. Yakubu a sura 5 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Amos ya yi wa masu rage mudu wankin babban bargo. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin ayoyin nan a jikin ledar burodi ba.

Tun Yulin 2024 dokar ƙasa ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ta tsame wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba. Yawancin sana'o'in da 'yan'uwa ke buɗewa da sunan hidima ta wannan kafar suke sulalewa: gidan burodi, 'yar makarantar kuɗi, ɗan asibiti, gidan ruwan leda, gonar kaji. Doka ba ta kama su ba, saura lamirinsu. Ku tambayi malaman makarantun nan masu ɗauke da sunayen Littafi Mai Tsarki nawa suke ɗauka, da ranar da kuɗin ke shiga hannunsu. Na san ƙaramar sana'a tana shan wuya, fulawa ta yi tsada, dizal ya yi tsada, wuta sai an ga dama. Mai gidan da ya tara ma'aikatansa ya buɗe musu littafi ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da zan iya, ni ma na rage nawa, ba ni da ta cewa a kansa. Da mai neman rangwame da sunan Allah nake. A wurin wani mai gidan, yarinyar nan za ta iya ɗaga murya ta nemi hakkinta. A wurin Baba dattijo, in ta ɗaga murya ta zama marar kunya, marar bangaskiya. Zumuncin da ya kamata ya kare ta, shi ya ɗaure mata baki.

Masu taron bita suna son ambaton Bulus mai ɗinkin tanti a Koranti. Amma da yake sallama da dattawan Afisa, abin da ya tuna musu shi ne hannuwansa suka biya bukatunsa da na abokan tafiyarsa, bai yi ƙyashin azurfa ko zinariyar kowa ba. Ya riƙe sana'a don kada ya zama kaya a kan talakawa. Mu kuwa talakawan muka ɗora wa sana'ar a ka.

Kada a ce ina jifan wasu ni ina inuwa, ga nawa laifin. Shekarun baya kwamitinmu ya sami wata gudummawa, muka zauna muka yanke shawarar sayen keken ɗinki 12 mu raba wa gwauraye da 'yan mata bayan koyon wata uku. An yi biki, an ɗauki hoto, ni na karanta jawabin. Bayan shekara guda na bi gida-gida. Biyu suna aiki. Uku an sayar an biya kuɗin makaranta da na asibiti, ban kuwa ga laifinsu ba. Sauran suna kusurwar ɗaki an lulluɓe su da zani, ɗaya har an ɗora masa kwanuka. Wata uwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, tela nawa ne a layin nan? Kuma wa ke ɗinki, ga gwanjo a Katako?" Ban sami abin ce mata ba. Duk zaman da muka yi, ba wanda ya tambayi wa zai sayi ɗinkin. A cikin kwamitin nan babu ko mutum ɗaya da ya taɓa riƙe shago, malamai ne da ma'aikatan gwamnati da fasto. 'Yan kasuwar majami'a kuwa sai lokacin gidauniya muke tunawa da su.

Talakan Filato ai yana da sana'arsa. Je ka Bokkos ko Mangu lokacin haƙar dankali ka ga aiki. Jihar nan ce ke noma mafi yawan dankalin Turawa na ƙasar, ga cibiyar binciken dankali a Kuru, ga ta lafiyar dabbobi a Vom tun 1924. Amma manomi yana haƙa ne lokacin da kowa ke haƙa, ba shi da wurin ajiya, ga bashin taki a wuya, ga kuɗin makaranta ya ƙarato. Dole ya sayar a farashin da dillali ya yanka, a buhun da aka cika har ya yi tozo, ana biyansa kuɗin buhu ɗaya. Bayan 'yan watanni dankalin ya yi tsada a Abuja da Legas, ribar tana aljihun wanda ya iya jira. In cutar da ke ƙone ganye ta faɗo cikin damina, ko irin da yake maimaitawa ya gaji, shi kaɗai zai sha.

Ga fili a shimfiɗe ga duk mai bi da ke da jari da basira. Ya gina rumbun ajiya mai shan iska, ya kawo iri mai kyau a kan lokaci, ya sayi dankali da sikeli, fuskar sikelin tana kallon mai kaya, ya biya a ranar da ya ce. Ya kuma ci ribarsa, domin in bai ci ba, shekara biyu zai rufe, manoma su koma hannun na da. Ba na jin kunyar kalmar riba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya yi shekara goma yana haka a kasuwar Bokkos, mutane da kansu za su fara tambayar wace majami'a yake zuwa. Sai dai irin wannan aiki ba ya kyau a hoto, ba bikin buɗewa, ba baƙon da za a zaga da shi, ga asara tana iya faɗowa. Shi ya sa muka fi son keken ɗinki.

Mudu na ce, a wurin mahaifiyata kuma na ga abin da nake nufi. Ta yi shekaru tana sayar da dankali da kabeji da karas a Farin Gada. Ba ta yi boko ba, da ƙyar take haɗa baƙi a Littafinta na Hausa. A kasuwa kowa ya san dabarun: a zuba ƙanana da masu tabo a gindin kwando a jera manya a sama, a bubbuga gindin mudu ya lotsa ciki. Ita in mai saye ya zo, sai ta juye kwandon a kan buhu ta ce ya duba har ƙasa. Muna yara muna jin haushi, domin muna ganin maƙwabta suna riga ta tashi.

Tana da wani abokin ciniki, Alhaji daga Kano, mai lodin mota. Yakan ɗauki kaya ya tafi, sai ya dawo ya biya, ba takarda ba shaida. Ranar 7 ga Satumba, 2001, da garin nan ya kama da wuta, kuɗin kayanta masu yawa suna hannunsa. Kwana da kwanaki ba mai fita. Mun ɗauka shi ke nan, ita ma ta ce a bar wa Allah. Bayan 'yan makonni sai ga direbansa yana cigiyar rumfarta, da kuɗin a ƙulle cikin baƙar leda, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, da saƙo wai Alhaji yana gaida Mama, yana fata ita da yara lafiya. Da ya zo da kansa ta ce, "Alhaji, ai na cire rai." Ya ce, "Haba Mama, ke da kike juye mini kwando?"

Bai zama Kirista ba, ita ma ba ta taɓa neman hakan da dankalinta ba. Amma na tabbata in aka zagi Kiristoci a gabansa akwai fuskar da za ta tsaya masa a rai, kamar yadda tasa take tsaya mini in na ji ana yi wa Musulmi kuɗin goro.

Tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, Jos ta rabu unguwa-unguwa. Akwai matasan da suka girma a Anguwan Rukuba ba su taɓa taka Anguwan Rogo ba, haka can ma. Babbar kasuwar Terminus da ta haɗa kowa a ƙarƙashin rufi ɗaya ta ƙone a Fabrairun 2002, kowane rikici kuma sai ya haifar da 'yar kasuwa a wannan gefe da wata a wancan. Gidajen haya sun rabu, makarantu da yawa sun rabu. Abin da ya rage mana na haɗuwa kullum shi ne ciniki, mahauci da mai tuwo, mai tumatir da mai mota, makanike da mai keke.

Duk da haka na sha ji daga kan bagadi, ko a zaurukan WhatsApp, ana cewa mu riƙa sayen na namu, kada kuɗinmu ya tafi wancan gefe. Na san daga ciwo maganar ta fito, na kuma san ana yin irinta a can. Amma baki ɗaya ba zai faɗe ta ya kuma faɗi kasuwancin bishara ba. Wanda ya ce zai yi shaida da sana'arsa, sa'an nan ya ce 'yan majami'arsa kaɗai zai ɗauka aiki, a wurinsu kaɗai zai saya, wa zai yi wa shaidar? Shi ma wanda ya ɗauki yaro Musulmi aiki don ya riƙe shi da albashi ya tilasta masa zaman addu'ar safe, tarko ya ɗana, yaron ya sani, iyayensa sun sani. A gari irin namu da ƙaramin zargi ke iya tada unguwa, wannan wasa da wuta ne. A ba shi aikinsa, a biya shi daidai da ɗan fasto, a sake shi ya tafi masallaci ranar Juma'a ba tare da an yanke masa ko sisi ba. In wata rana ya tambayi dalili, a gaya masa.

Sai maganar wa zai riƙe kuɗin. Ra'ayina, wanda ya sha jawo mini harara a taron dattawa, shi ne ikkilisiya ta bar ciniki ga 'yan kasuwarta. Fasto makiyayi ne. Ranar da ya zama mai bin bashi, tumaki za su fara sauya hanya in sun hango shi. Na ga asusun rance da aka buɗe a wata majami'a da kyakkyawar niyya. Bayan shekara biyu waɗanda suka kasa biya sun daina zuwa sujada don kunya, waɗanda suka ƙi biya suna cewa ai kuɗin Allah ne. An rasa kuɗin, an rasa mutanen. Ba mu kuma manta da Disambar 2016 ba, da MMM, shirin nan na zuba kuɗi mai alkawarin riba cikin gaggawa, ta rufe da kuɗin jama'a. Na san waɗanda a harabar majami'a aka shigar da su, ta bakin wanda suke kira ɗan'uwa.

Ko rancen da aka tsara da kyau yana da iyaka. Muhammad Yunus na Bangladash ya sami kyautar Nobel a 2006 saboda bankin Grameen mai ba talakawa ƙananan rance, duniya ta ɗauka an gano makarin talauci. Da masana suka bi diddigi a ƙasashe shida, ciki har da Indiya da Habasha da Maroko, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ƙananan rance suna taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma ba su fid da yawancin gidaje daga talauci ba. Ba kowa aka haifa ɗan kasuwa ba, yawancin mutane aiki suke so mai albashin da za su dogara da shi. Abin da na ga yana ɗorewa a majami'unmu shi ne adashen Zumuntar Mata, domin kuɗinsu ne, sun san juna har ɗaki, uwar adashe kuma ba ta wasa.

Akwai kuma waɗanda ba wata sana'a da za ta ɗaga su yau. A Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, dubbai suka gudu. Tsohuwar da ta iso da jikoki uku da zanin jikinta, me taron bita zai yi mata? Ina tsoron kada sabon yayin nan ya ba masu hannu da shuni hujjar damƙe hannu, su ce ai kyauta tana kashe zuciya, kowa ya ci guminsa. Surar nan ta Firistoci da ta hana danne albashi, ita ce ta ce kada manomi ya girbe gonarsa har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Da irin kalar nan Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza, mutumin da shi ma amfanin gona yake nema kamar kowane manomi.

Na je taron bitar. An yi magana mai ma'ana a kan raba jari da riba da riƙe littafin shiga da fita, na ƙaru. Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu na ce, zai yiwu kafin a karɓi gudummawar gini daga hannun mai kamfani, dattawa su fara tambayarsa a asirce ko ya biya ma'aikatansa? Aka yi 'yar dariya, mai jawabi ya ce tambaya ce mai nauyi, za a duba, aka tashi cin abinci.

Yarinyar ta bar gidan burodin. Da matata ta matsa, na nemi wani dattijo abokinsa muka je tare, aka yi doguwar gaisuwa, aka yi addu'a, ya kawo kuɗin wata biyu ya ce na ukun sai ciniki ya buɗe. Yanzu tana soya ƙosai da dankali da yamma a bakin titi. Wani mai shago, Bakano, shi ke ba ta mai da wake bashi, ta biya ranar Asabar. Kuɗin wata ɗayan har yau bai fito ba. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Baba, in sake zuwa in tuna masa, ko zai zama rashin kunya?" Na ce ta shirya ranar Talata, tare za mu je.